Filtar Iska Mai Wankuwa da Ƙurar Hawandawaki

Injin mota ya fi shan iska a kan shan mai, sai dai da yake man kaɗai direba yake biya da kuɗinsa, ba kasafai ake tunawa da iskar ba. Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone sarai, sai ya gauraya da iska mai nauyin kilo 14.7, kuma idan aka juya lissafin zuwa lita, kowace litar fetur tana bukatar iska kusan lita 9,000. Duk wannan iska sai ta ratsa wani ɗan akwati da ke gefen inji, inda aka ajiye matatar da makanikai suke kira filtar iska, wadda aikinta shi ne ta tare ƙura da yashi kafin su isa cikin silinda, wato ramin da fistan yake kai da komo a cikinsa. Filtar da mota take fitowa da ita daga kamfani yawanci ta takarda ce mai ninki-ninki, wadda ake jefarwa idan ta cika a sa sabuwa, kuma wannan jefarwar ce wasu kamfanoni suka yi alkawarin kawarwa da wata irin filta da ake wankewa a mayar.

Wanda ya fi suna a cikin waɗannan kamfanoni shi ne K&N na garin Riverside a jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda sunansa ya samo asali daga haruffan farko na sunayen Ken Johnson da Norm McDonald, mutane biyu masu harkar babura da tserensu, waɗanda suka fito da filtarsu a 1969. Ana yin ta da ƙyallen auduga mai sharara, a jera shi hawa huɗu zuwa shida tsakanin ragar waya, sannan a shafe shi da wani jan mai mai danƙo, domin ƙurar da ta shigo ta manne a jikin zaren. Akwai masu yin irinta a Italiya, kamar BMC, akwai kuma masu yin ta da soso a Ingila, kamar Pipercross. Alkawarinsu kusan iri ɗaya ne: iska za ta wuce cikin sauƙi, inji zai ƙara ƙarfi, kuma filtar za ta daɗe kamar motar kanta, har K&N ya taɓa cewa tasa tana iya yin tafiyar kilomita 80,000 a kan kwalta kafin ta bukaci wanki. Masu motocin tsere da na ƙawa su ne suka fara rungumar ta, daga baya ta bi motocin Kwatano da shagunan kayan gyara ta iso Kano da Katsina da Maradi.

Ana auna ƙarfin inji da abin da ake kira ƙarfin doki, ma'aunin da James Watt ya yaɗa lokacin da yake kwatanta injinsa mai tururi da dawakan da yake son ya maye gurbinsu, kuma ba laifi a yi maganar a ƙaramar hukumar da sunanta kansa Hawandawaki, a kudancin gundumar Tasawa. Abin da filtar auduga take ƙarawa, idan an sa ta a akwatin da mota ta zo da shi, bai wuce doki ɗaya ko biyu ko uku ba a injin da ke da ɗari biyu ko ɗari uku, ƙarin da na'urar gwaji take iya gani da ƙyar amma ƙafar direba ba ta jin sa. Dalilin yana cikin yadda inji yake numfashi. Tsakanin filta da silinda akwai wata 'yar ƙofa da totur yake buɗewa da rufewa, kuma a tafiyar yau da kullum ƙofar a ɗan buɗe kawai take, saboda haka ita ce take shaƙe iskar da gangan, filtar kuwa tana ba da fiye da abin da ake nema. Sai an take totur har ƙasa, inji mai lita biyu yana juyawa sau 6,000 a minti yana zuƙar iska kusan lita 6,000 a cikin wannan minti, sannan ɗan sauƙin da audugar take bayarwa yake zama wani abu. Irin wannan gudu na filin tsere ne, kuma ko a kan babbar hanyar ƙasa da ta taso daga Maradi ta ratsa Tasawa zuwa Damagaram, mai hankali ba ya riƙe shi fiye da 'yan daƙiƙu. Abin da mai motar yakan ɗauka ƙarfi ne sau da yawa ƙara ce, domin filtar da ta fi sakin iska ta fi sakin gurnanin inji.

Alkawarin rage shan mai ya fi jan hankali tun daga Mayun 2023, lokacin da gwamnatin Najeriya ta janye tallafin fetur, man kwalba da garuruwan kan iyaka suka saba saye da araha ya yi tsada. A 2009 cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ta gwada motoci da filtar da aka toshe da gangan, ta gano cewa a motocin zamani, waɗanda kwamfuta take auna iskar da ta shiga ta fesa mai daidai da ita, toshewar ba ta ƙara shan mai ta wata hanya mai muhimmanci ba, illa dai motar ta yi nauyin tashi. A tsohuwar mota mai kafireta ce kaɗai aka ga shan mai ya ƙaru, domin kafireta ba ta san iska ta ragu ba, sai ta ci gaba da zuba mai. Idan toshe filta bai sa motar zamani ta ƙara shan mai ba, to buɗe ta ma ba zai sa ta rage ba. Ga babura da tsofaffin a-kori-kura masu kafireta kuwa, waɗanda su ne suka fi yawa a ƙauyukan Tasawa da Mayahi, abin da binciken ya nuna shi ne amfanin filta mai tsabta, kowace iri ce.

Inda maganar take da nauyi shi ne wajen tacewa. Ana auna ƙwayar ƙura da maikuron, wanda shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma kaurin gashin mutum yana wajen maikuron 70, alhali ƙurar da take cinye inji takan kasance tsakanin maikuron 5 da 20, wadda ido ba ya rarrabe ƙwayarta. Takarda mai kyau tana tare fiye da kashi 99 cikin ɗari na ƙurar gwaji, kuma abin mamaki, tana ƙara iya tacewa yayin da ta fara datti, saboda ƙurar farko tana toshe manyan ƙofofin ta zama matata ta biyu. Auduga mai sharara kuwa ƙofofinta manya ne, don haka dogaronta a kan danƙon mai yake, kuma a gwaje-gwajen da aka yi bisa ƙa'idar duniya mai lamba ISO 5011 ta kan faɗo ƙasa da takarda. Bambancin yakan yi kama da ƙarami a rubuce, amma lissafinsa ana yin sa ne daga abin da ya wuce. Idan wata filta ta tare kashi 99.9, wata kuma ta tare 97, to a cikin kowane kilo na ƙura ta farko ta bar giram ɗaya ya shiga, ta biyu ta bar giram 30.

A ƙasashen da ake ƙera waɗannan filtoci, inda hanyoyi kwalta ne kuma ruwan sama yana kwantar da ƙura a yawancin watanni, ninki talatin na abu kaɗan yana iya zama abin da inji zai jure. Ƙasar Hawandawaki jigawa ce, hanyoyin da suka haɗa ƙauyukanta da kasuwanni rairayi ne da burji, kuma daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso hazo daga arewa maso gabas, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, wanda masana suke lissafa shi a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. A ranar kasuwa mota tana bin bayan mota, kabu-kabu yana bin bayan amalanke, kowa yana shaƙar abin da na gabansa ya tayar. Mafi yawan yashin nan ma'adini ne da ya fi ƙarfen silinda tauri, kuma idan ya shiga ya haɗu da baƙin mai sai ya zama kamar sanfefa mai ruwa, yana goge bangon silinda da ringin fistan a kowane bugu. Alamominsa sanannu ne a kowane gareji: inji ya fara shan baƙin mai, salansa ta fara fitar da shuɗin hayaƙi, mota ta ƙi tashi da safe, daga nan sai maganar sauke inji. Mota mai turbo ta fi saurin jin jiki, domin fankar da ke cusa mata iska tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti, ƙura tana feƙe bakin fukafukanta.

Wankin kansa, wanda shi ne abin tallar, sana'a ce mai sharuɗɗa. Ana fesa wa filtar sabulunta na musamman, a ɗauraye ta da ruwa marar ƙarfi daga ɓangaren ciki zuwa waje, a bar ta ta bushe da kanta, sannan a shafa mata nata man daidai gwargwado. Idan man ya yi kaɗan, ƙura ta samu hanya, idan kuma ya yi yawa, yana iya bin iska ya shafe siririyar wayar na'urar da ke auna iska, kwamfuta ta riƙa karanta ƙarya. Sabulun da man ba a kowane gari ake samun su ba, kuma abin da yakan faru shi ne a wanke da fetur a shafa baƙin mai, wanda ba shi da danƙon da zai zauna a zare, sai ya tsiyaye ƙasa ya bar sama a bushe. Ga kuma jabu, mai launi da tambari irin na asali, wanda ƙyallensa hawa biyu ne. Mafi muni ita ce mai siffar mazurari da samari suke ɗaurawa bayan sun cire akwatin gaba ɗaya, domin tana zuƙar iskar da inji ya riga ya gasa, a ƙasar da zafin Afrilu da Mayu yake haura digiri 40, alhali iska mai zafi ba ta da nauyi, ƙarfin da aka je nema ma raguwa yake yi.

Masu tsere suna da hujjarsu, amma ba ta kowa ba ce, domin injinsu ana kwance shi a sake ɗaurawa bayan 'yan gasanni, doki biyu kuma yana iya raba na ɗaya da na biyu. Ko a cikinsu, waɗanda suka yi tsere a irin wannan ƙasa sun bi wata hanyar. Gasar Paris zuwa Dakar, wadda ta fara barin Paris a Disamban 1978 ta ratsa Agadas da Yamai, ta koya wa masu shigarta cewa a hamada motar da ta isa ita ce wadda ta hana yashi shiga, shi ya sa motoci da baburan irin wannan tsere suka dogara da soso mai kauri da aka jiƙa da mai, da manyan filtoci, da canji a kowane zango.

Filta mai wankuwa ma ba baƙuwa ba ce a karkara. Tun 1915 Frank Donaldson ya ƙera matatar iska don taraktar da ƙurar gona take kashewa, kuma daga irin wannan bukata aka samu filtar kaskon mai, inda iska take karkatowa a kan baƙin mai ta zubar da yashinta, wadda tsofaffin Land Rover da taraktoci da injinan niƙa da yawa suke amfani da ita, wankinta kuwa kananzir ne da sabon mai. Babura da yawa na Sin da Indiya soso suke da shi, wanda ake wankewa a matse a ɗiga masa mai. Toyota Land Cruiser ta aikin daji tana da akwatin da yake juya iska kamar guguwa, manyan ƙwayoyi su faɗa wani ɗan kofi a ƙasa kafin sauran su kai ga takarda, kuma dogon bututun da ake ɗora mata a gefen gilashi yana ɗebo iska daga sama da ƙurar taya.

Mai motar ƙawa da ke yawo a kwaltar Maradi ko Kano, wanda yake son gurnanin kuma yake da haƙurin wanki da kayansa na asali, ba zai kashe injinsa a shekara ɗaya ba, sai dai ya sayi ƙara ne da 'yar lalacewa. Wanda motarsa take shiga rairayin Hawandawaki da Korgom ko hanyoyin Mayahi ya fi dacewa da takarda ta kirki da yake canzawa da wuri. Ita ma takardar tana da masu kashe ta: mai hura ta da iskar faci har ta yage inda ido ba ya gani, mai bugunta a jikin taya har robar bakinta ta karkace, mai wanke ta da ruwa, da mai cire ta gaba ɗaya don babur ya ƙi tashi. Makanikin da ya san aikinsa yakan cire bututun da ke bayan filta ya shafa farin ƙyalle a cikinsa, idan ƙyallen ya fito da jan gari, to ƙura tana wucewa, ko ta jikin filtar ko ta gefen robarta.