Ko Gina Filin Ƙwallo Zai Tayar Da Arzikin Birnin Zazzau?

Duk wanda ya zauna a majalisar samari a Ƙofar Doka ko a bakin kasuwar Birnin Zariya, zai ji maganar nan tana tasowa, watau cewa da Gwamnati za ta gina wani ƙaton filin ƙwallo a Zariya irin na manyan garuruwa, da kasuwa ta buɗe, baƙi su yi ta zuwa, samari su sami aiki. Magana ce mai daɗin ji, kuma masu yin ta ƙaunar garinsu ce ta sa su. Amma tun da yake kuɗin da za a kashe na baitulmali ne, watau harajin talakawa, ya kamata malamai da ma'aikatan hukuma su auna ta da hankali kafin su goyi bayanta.

Da farko bari mu duba abin da ya ciyar da Zariya a da. Jirgin ƙasa ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, daga baya aka fitar da reshe zuwa Jos da wani zuwa Gusau da Ƙaura Namoda, garin ya zama mahaɗa. Aka kafa injin gurzar auduga da kamfanin taba, manoma suka sami inda za su kai amfaninsu. A cikin Birni kuwa ga maɗinkan babbar riga, ga dukawa, ga marina. To, an rufe layin Jos a 1957, masaƙun Kaduna da ke sayen auduga suka durƙushe, ta farkonsu a 2002, babbarsu a 2007. Ashe ciwon Zariya shi ne rashin sana'ar da ake yi kullum ana sayar wa na nesa. Tambaya ita ce, ko filin ƙwallo yana maganin wannan ciwo?

Mu yi lissafi irin na akawu. Gasar ƙwallo ta ƙasa idan tana da ƙungiyoyi 20, kowace ƙungiya takan yi wasa 19 ne kaɗai a gidanta cikin shekara. In muka ɗebe 19 daga 365, saura kwana 346, waɗanda filin zai zauna a kulle, in ban da ɗan taro jefi-jefi. Mai sayar da rake da mai tsire da ɗan acaɓa za su yi ciniki ranar wasa, ba shakka, amma cinikin yini 19 ba ya riƙe gida. Cikin sauran kwanakin nan kuwa ciyawa tana bukatar ruwa, masu gadi suna jiran albashi, rufi da kujeru suna bukatar gyara. Duka daga aljihun hukuma.

Abu na biyu, daga ina kuɗin 'yan kallo ke fitowa? Yaron da ya biya kuɗin ƙofa, mutumin Zariya ne. Da bai je kallo ba, da ya kashe kuɗin nan wajen mai shayi ko tela a unguwarsu. Watau an ciro daga wannan aljihu an sa a wancan, riga ɗaya ce. Arzikin gari ba ya ƙaruwa sai baƙo ya kawo kuɗi daga waje ya bar su. Baƙon da ya zo kallo daga Kaduna ko Kano kuwa, da an tashi wasa sai ya hau mota ya kwana a gidansa. Masana tattalin arziki na Amurka sun daɗe suna bin wannan al'amari. A 1997 biyu daga cikinsu, Roger Noll da Andrew Zimbalist, suka tattara bincike a kan garuruwan da suka gina filaye da kuɗin jama'a, suka ga ba a sami wata bunƙasa ta a zo a gani ba a aikin yi ko samun mutane.

Ba sai mun ƙetare teku ba ma. An gina babban filin wasa na Ikko a Surulere a 1972, aka yi wasannin Afirka a cikinsa a 1973, nan ne kuma Nijeriya ta ɗauki kofin Afirka a 1980. Daga baya aka yi watsi da shi shekara da shekaru. Na Abuja, wanda aka gina domin wasannin Afirka na 2003, yana ɗaukar mutum wajen 60,000, ya ci kimanin dala miliyan 360, amma ciyawarsa ta lalace har sai da Alhaji Aliko Ɗangote ya ɗauki nauyin gyaranta a 2020. Kusa da mu ga filin Ahmadu Bello na Kaduna. An yi wasannin duniya na matasa a cikinsa a 1999 da 2009, amma wannan bai hana masaƙun garin mutuwa ba a tsakanin waɗannan shekaru. A ƙasashen waje kuwa, birnin Montreal na Kanada ya karɓi wasannin Olamfik a 1976, bai gama biyan bashin filinsa ba sai 2006, shekara 30 ke nan. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Kada mai karatu ya zaci muna ƙin ƙwallo ne. Ko kusa. Wasan tamaula yana ƙarfafa jiki, yana koya wa yaro biyayya da haƙuri, yana raba shi da zaman banza. Duk wanda ya ga yadda Kano ta cika da murna sa'ad da Kano Pillars ta ɗauki kofin ƙasa a 2008, sa'an nan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, ya san wannan abin alfahari ne wanda ba a saye da kuɗi. Amma a lura, arzikin Kano daga Kurmi da Kwari da Dawanau yake fitowa. Kasuwa ce ta riƙe ƙwallo a can. Gari mai ciniki shi ke cika filin wasa, kuma dole ne a sami ƙungiya mai ƙarfi kafin a yi mata ɗaki, don ba a sayen sirdi kafin doki.

Akwai kuma maganar wuri. Babban fili yana bukatar eka masu yawa, da hanyoyi, da wurin ajiye motoci. Cikin ganuwa gidajen gado ne da zauruka da makarantun allo da na ilmi. In an ce a cikin Birni za a yi, sai an ta da mutane daga mazaunin kakanninsu. In kuwa an kai shi bayan gari, ɗan cinikin da ake fata ba zai shigo ta Ƙofar Kuyambana ko Ƙofar Gayan ba.

To, mene ne abin yi? Allah Ya riga Ya ba Zariya abin da ke jawo baƙo ya zauna. Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a Samaru a 1962, da Kwalejin Barewa, da makarantar koyon tuƙin jirgin sama, da almajiran ilmi da ke zuwa wurin malaman Birni, waɗannan su ne baƙin da ke kama haya, su ci abinci, su ɗinka tufafi wata da watanni. Ɗalibi guda mai shekara huɗu a gari ya fi ɗan kallo ɗari na yini guda amfani. Ga masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, ga ganuwa da ƙofofi, ga hawan Salla. Kuɗin da za a zuba a fili guda, in aka sa shi wajen ruwan famfo mai zuwa kullum, da wutar lantarki ga masu sana'a, da magudanan ruwa, da jari ga maɗinka da dukawa, amfaninsa zai shiga kowane gida. Don ƙwallo kuwa, a gyara filin da ake da shi, a daidaita filayen makarantu, a raya gasa tsakanin unguwanni. Wannan kuɗinsa kaɗan ne, yaran da za su amfana kuwa dubbai ne.

Saboda haka in wani ya zo da alkawarin ƙaton fili, kada a tsaya ga kallon hotonsa. A tambaye shi nawa zai ci, wa zai biya, wace ƙungiya za ta yi wasa a ciki, kuma daga wane asusu za a riƙa gyaransa bayan shekara goma. Malamai su koya wa yara irin wannan tambaya, ma'aikata su yi ta a ofis kafin a sa hannu. Allah Ya ba shugabanni ikon fifita abin da ya fi amfanin jama'a, Ya raya Zazzau, amin.