Fitilu a Sama: Yadda Ƙarya Ke Rufe Bakin Mai Gaskiya

Duk wanda ya taɓa kwana a tsakar gida a Makoda da bazara ya san yadda sama ke cika da taurari. Wani dare sai ka hango fitilu a jere suna tafiya shiru. Kafin gari ya waye labari ya cika WhatsApp: wannan ya ce aljanu ne, wancan ya ce baƙi ne daga wata duniya, har da bidiyo. Galibi irin wannan jeri taurarin ɗan'adam na Starlink ne da ba a daɗe da harbawa ba. To amma da zarar an gano bidiyon na bogi ne, shi ke nan, har wanda ya ga fitilun da idonsa ya zama abin dariya.

Wannan ita ce fargabar masu bibiyar abubuwan da ake gani a sama ba a san ko mene ne ba, waɗanda ake kira UFO. Suna zargin ana cusa musu ƙarya da gangan don a zubar da mutuncinsu. Kuma zargin yana da tushe. A Amurka, a 1953, wani kwamitin masana da hukumar CIA ta kafa ya ba da shawarar a riƙa kashe sha'awar jama'a ga irin waɗannan labarai. A 1997 wani nazari na hukumar ya amsa cewa da yawa daga abubuwan da aka gani jiragen leƙen asiri ne irin su U-2, amma aka ɓoye. A shekarun 1980 kuwa, wani jami'in sojan sama, Richard Doty, ya riƙa ɗura wa Paul Bennewitz labaran ƙarya, kamar yadda shi Doty ya amsa daga baya. Bennewitz ya yarda da su har sai da aka kwantar da shi a asibiti.

Me ya shafe mu? Ranar 3 ga Oktoba 1962, dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami, ƙasar Katsina. Daga baya masana suka tabbatar daga duniyar Mars ya fito. Da manomin ya ja bakinsa don gudun a ce ya zautu, da an yi asara babba.

Saboda haka, 'yan uwa ɗalibai, in kun je hutu wani ya ce ya ga abu a sama, kar ku yi masa dariya, kar kuma ku yi saurin turawa gaba. Ku tambaye shi: ƙarfe nawa? Ta wace kusurwa? Minti nawa ya yi? Da ƙara ko shiru? Su wa suka gani? Ku rubuta, sannan a bincika. Gani ya kori ji, amma ganin ma sai an tantance.