YADDA AKE SA WA TUKUNYAR KUNU FAMFO BA WALDA

Tun daga Bebeji da Ƙiru har Tudun Wada da Doguwa, kunu da zoɓo su ne abin sha a kasuwa da makaranta. Amma duk wanda ya tsoma moɗa cikin tukunya, da dauɗar hannunsa ya tsoma. Ta nan kuwa kwalara ke samun hanya, cutar da ta yi wa Jihar Kano ɓarna a 2021. Maganin wannan shi ne a sa wa tukunya famfo.

Kada a liƙe shi da dalma, gama guba ce. Ƙurarta ce ta hallaka yara fiye da 400 a Zamfara a 2010. Noti da roba sun isa.

A huda tukunyar inci 2 bisa gindi, domin gari ya sami wurin kwanciya. Famfo mai rabin inci yana son rami na milimita 21. A goge bakin ramin da magagari. A naɗa farin tef inda noti zai hau, a zura famfon. Daga ciki a sa zoben roba mai jure zafi, watau silikon, sa'an nan faifan ƙarfe, sa'an nan noti. A ɗaure da hannu, a ƙara kaɗan da sifana. In an matse ainun, robar takan zame, yoyo ya soma.

Kafin a ɗora bisa wuta, a cika ta da ruwa ta kwana. In an wayi gari ba ɗigo, aiki ya yi. Lalle a riƙa wanke famfon da tafasasshen ruwa kullum, gama saurar kunu takan yi tsami a ciki. Rigakafi dai ya fi magani.