Eve Muirhead: Shekara 12 tsakanin gasar Olamfik ta farko da lambar zinare

A ranar 20 ga watan Fabrairun 2022, tawagar matan Birtaniya ta doke ta Japan da maki 10 da 3 a birnin Beijing, a wasan tura dutse a kan ƙanƙara wanda Turawa ke kira curling.

Wannan ce lambar zinare ɗaya tilo da Birtaniya ta samu a gasar Olamfik ta lokacin hunturu ta wannan shekara. Matar da ta jagoranci tawagar kuwa ita ce Eve Muirhead, 'yar yankin Sikotlan, wadda zuwanta gasar na huɗu ke nan.

Tun tana 'yar shekara 19 aka fara yi mata kyautata zaton ɗaukar wannan lamba, amma sai da ta kai shekara 31 kafin ta riƙe ta a hannu.

Yadda ake wasan

Mai karatun da bai taɓa ganin wasan ba zai iya mamakin yadda za a ce tura dutse da shara sun zama gasa ta duniya.

Ana yin wasan ne a kan wani fili na ƙanƙara mai tsawon mita 45 ko ɗan sama da haka. A ƙarshen filin akwai wasu da'irori da aka zana, waɗanda ake kira gida. Kowace tawaga tana da 'yan wasa huɗu da duwatsu takwas, kowane ɗan wasa yana tura biyu. Idan an gama tura duwatsun duka, tawagar da dutsenta ya fi kusa da tsakiyar gida ita ce ke samun maki, kuma tana samun maki ɗaya a kan kowane dutse nata da ya fi dutsen abokan hamayya mafi kyau kusanci da tsakiya. Wannan shi ne turmi ɗaya, kuma a gasar Olamfik turmi goma ake yi.

Nauyin dutsen ya kusa kilo 20, kuma waɗanda ake amfani da su a Olamfik ana sassaƙo su ne daga wani ƙaramin tsibiri mai suna Ailsa Craig da ke gaɓar tekun Sikotlan. Mai turawa yakan ɗan murɗa mariƙinsa a lokacin da zai sake shi, abin da ke sa dutsen ya yi ta karkata a hankali yana tafiya. Masu goge ƙanƙarar da buroshi a gabansa kuma suna rage masa tirjiya ne, don ya ƙara nisa ko ya rage karkata.

To amma nauyin wasan yana kan jagora. Shi ne ke tsayawa a gida yana nuna inda za a ajiye kowane dutse, kuma galibi shi ke tura duwatsu biyu na ƙarshe. Wasan da aka shafe kusan sa'o'i uku ana yi yakan ƙare ne a kan dutse guda, kuma idan ya kuskure kowa ya san hannun da ya sake shi.

Wannan kujera ce Eve Muirhead ta hau tun tana yarinya.

Gadon gida

An haife ta a birnin Perth a watan Afrilun 1990, ta kuma tashi a ƙauyen Blair Atholl. Mahaifinta Gordon Muirhead yana cikin tawagar Sikotlan da ta ci gasar duniya ta maza a 1999, sannan 'yan uwanta maza biyu, Glen da Thomas, su ma sun je gasar Olamfik a 2018.

Ta ci gasar duniya ta matasa har sau huɗu, a 2007 da 2008 da 2009 da 2011. A karon farko a ƙarƙashin Sarah Reid ta yi wasa, sauran ukun kuwa ita ce jagora.

Ganin haka ne ya sa aka danƙa mata tawagar Birtaniya a gasar Olamfik ta Vancouver da ke Kanada a 2010, inda ta jagoranci matan da suka girme ta nesa ba kusa ba. Abin bai yi kyau ba: wasa uku suka ci, aka cinye su shida, suka koma gida tun a zagayen farko.

Makonni kaɗan bayan haka ta kai wasan ƙarshe na gasar duniya, inda Jamus ta doke ta. A 2013 kuma, a birnin Riga na ƙasar Latviya, ta doke Suwidin da maki 6 da 5, ta zama jagora mafi ƙarancin shekaru da ta taɓa cin gasar duniya ta mata. Shekararta 22 a lokacin.

A shekarar da ta biyo baya ta samu lambar tagulla a gasar Olamfik ta Sochi da ke Rasha.

Dutsen da ya kuskure

Kowa ya ɗauka daga tagulla sai zinare. Ba haka ta kasance ba.

A gasar 2018 a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu, Suwidin ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe, suka haɗu da Japan a wasan neman tagulla. A turmi na goma Japan na gaba da maki ɗaya, dutsen ƙarshe kuma yana hannun Muirhead. Ta nemi maki biyu don ta gama wasan a nan take, sai dutsen nata ya bugi na Japan ya tura shi tsakiyar gida. Aka tashi 5 da 3, Birtaniya ta koma ba ko lamba ɗaya a wannan wasa.

A wannan shekara aka yi mata tiyata a ƙugu, saboda lalurar da ta samo asali daga shekarun da ta yi tana durƙusawa a kan ƙanƙara.

Sai kuma a 2021 tawagarta ta zo ta takwas a gasar duniya a birnin Calgary, alhali shida na farko ne kawai ke samun gurbin zuwa Beijing kai tsaye.

A nan ne hukumar wasan ta Birtaniya ta ɗauki wani mataki mai tsauri. Ta rushe tawagar, ta tara mata tara, ta riƙa cuɗanya su a gasa daban-daban don a ga huɗun da suka fi dacewa da juna. Ma'ana, zakarar duniya ta 2013 sai da ta sake neman gurbinta kamar sabuwar shiga. A wasan da ake gina tawaga a kan sabo da yarda na shekaru, wannan caca ce babba, ganin cewa watanni kaɗan suka rage.

Daga ƙarshe aka tsayar da ita a matsayin jagora, tare da Vicky Wright, wadda ma'aikaciyar jinya ce, da Jennifer Dodds da Hailey Duff, sai Mili Smith a matsayin 'yar canji. Suka ci gasar Turai a Lillehammer, suka kuma samu gurbin Olamfik a gasar share fage da aka yi a Leeuwarden ta ƙasar Holand a watan Disamba.

Da ƙyar a Beijing

Ko a Beijing ɗin ma da ƙyar suka sha. Sun ci wasa biyar cikin tara, daidai da Japan da Kanada, kuma da awon nisan duwatsun gwaji da ake turawa kafin kowane wasa aka raba gardamar. Kanada ce ta faɗi.

A wasan kusa da na ƙarshe Suwidin ta zura musu maki huɗu a turmin farko. Irin wannan rata kan karya gwiwar tawaga, amma suka farfaɗo, aka kai ga ƙarin turmi, suka ci 12 da 11.

Wasan ƙarshe ya sake haɗa ta da Satsuki Fujisawa, jagorar Japan ɗin nan ta 2018. A turmi na bakwai Muirhead ta tura dutsen da ya ba Birtaniya maki huɗu a lokaci guda, daga nan wasa ya fita daga hannun Japan. Rabon Birtaniya da zinare a wannan wasa tun 2002, lokacin da Rhona Martin ta ci a Salt Lake City ta Amurka.

Watanni biyu bayan haka ta ci gasar duniya ta mace da namiji tare da Bobby Lammie a birnin Geneva, sannan a watan Agustan 2022 ta sanar da yin ritaya tana da shekara 32.

Ba ta bar harkar wasanni ba. Ita ce ta shugabanci ayarin Birtaniya zuwa gasar Olamfik ta matasa ta lokacin hunturu a Gangwon ta Koriya ta Kudu a 2024. A wannan gasa ce matasan Najeriya suka shiga wasan na tura dutse, shekara shida bayan da Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta shiga hukumar wasan ta duniya a 2018.