Gimbiyar Jamus da zazzaɓin jego ya ɗauke

A watan Oktoban 1715 aka yi ta buga ƙararrawa a birnin St. Petersburg na Rasha, domin matar yarima mai jiran gado ta sauka lafiya, an samu ɗa namiji. Kimanin kwana goma bayan haka maijegon ta rasu, tana da shekara 21.

Sunanta Charlotte Christine, 'yar gidan sarautar Brunswick-Wolfenbüttel a Jamus, an haife ta a 1694. Auren siyasa aka yi mata. Yayarta tana auren Charles na Shida, wanda ya zama sarkin daular Ostiriya, shi kuma Sarki Peter na Rasha yana neman surukuta da manyan gidajen Turai, sai aka ɗaura mata aure da ɗansa Alexei a garin Torgau a 1711. Ba ta ji daɗin gidan ba. Mijin mashayi ne, hankalinsa yana wajen wata kuyanga mai suna Afrosinya. Ta haifi 'ya mace, Natalia, a 1714, shekara ta zagayo ta haifi namiji. Ba wankan gida, ba uwa a kusa, ba gwaggo. Galibin masu tarihi sun tafi a kan cewa zazzaɓin jego ne ya kashe ta, kuma likitocin fada suna tsaye a kanta ba su san abin da suke yaƙi da shi ba.

Yau an san shi. Idan mabiyiya ta fita, takan bar rauni buɗe a cikin mahaifa. Ƙwayoyin cuta na shiga ta nan, daga hannun da ba a wanke ba, ko tsumman da aka tare jini da shi, ko guntun mabiyiya da ya maƙale. Daga mahaifa su bi jini, sai jiki ya rikice gaba ɗaya. Wani likita a birnin Viyana, Ignaz Semmelweis, shi ya nuna haka a 1847: ya tilasta wa likitoci wanke hannu da ruwan kulorin, mace-macen masu jego a ɗakinsa suka sauko daga kusan 18 cikin 100 zuwa wajen 2 cikin watanni biyu. Maganin da ke kashe ƙwayar kuwa sai wajen 1935 aka same shi.

Abin da ke ci mini rai shi ne, ciwon da ya gagari fadar Rasha yanzu allura da ƙwaya na warkar da shi, amma har gobe yana ɗaukar mata a ƙauyukanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata kimanin 82,000 sun rasu a Najeriya a 2020 sanadiyyar ciki da haihuwa, kuma shigar ƙwayar cuta tana cikin manyan dalilai, tare da zubar jini da jijjiga.

Ku leƙa gidan haihuwa a karkarar Ɗanbatta kwana uku bayan sauka. Tukunya na tafasa da ganyen darbejiya, ana dama kunun kanwa, mata na shigowa barka, maigida na lissafin rago. Maijego tana kwance tana rawar ɗari, sai wata tsohuwa ta taɓa goshinta ta ce ai ruwan nono ne ke zuwa, a ƙara mata ruwan zafi. Kulawar gaske ce, ba ta mugunta ba. Sai dai ruwan wanka ba ya kaiwa inda cutar take.

Alamun ba ɓoyayyu ba ne: zazzaɓi mai zafi, ciwon mara da ba ya lafawa, jinin biki mai wari, kasala har ta kasa ɗaga jariri. Ko ɗaya aka gani, a ranar za a tafi Babban Asibitin Ɗanbatta ko asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, kada a ce sai an sha suna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a duba kowace maijego a ranar farko, da rana ta uku, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, sannan a mako na shida, wato dab da arba'in. Maijego ba ta fita da kanta. Izini da kuɗin mota suna hannun miji da uwar miji, don haka su ne ya kamata su fara haddace waɗannan ranaku.