Mai jarin da ke sayen kaso a sana'arka

A kasuwar shanu ta Potiskum haɗin gwiwa ba baƙon abu ba ne: Alhaji ya ba da kuɗi, yaronsa ya sayo bijimai ya kiwata, in an sayar a raba riba. Akwai masu jarin da wannan ce sana'arsu, sai dai su kamfanoni masu tasowa suke nema. Mai injin casar shinkafa ko mai tirela biyu-uku ya kamata ya san su tun ba su yi masa sallama ba.

Ba rance suke bayarwa ba, ba kuma tallafi ba ne. Kaso suke saye. A 2015, asusun FAFIN, wanda kamfanin Sahel Capital na su Mezuo Nwuneli ke gudanarwa, ya sayi kashi 25 cikin ɗari na L&Z, kamfanin madara da yogot da ke Kano. Cikin waɗanda suka kafa asusun har da gwamnatin tarayya da bankin KfW na Jamus.

To, ga inda gizo ke saƙar. Wanda ya sayi kaso, da shi za a riƙa yanke shawara. Zai nemi rajistar kamfani ta hukumar CAC, da asusun banki na kamfani daban da na gida, da littafin shige da fice. Mu kuwa, da yawanmu aljihun babbar riga ne ma'aji: nan ake zaro kuɗin man mota, nan ake zaro na cefane da gudummawar biki. Ranar da kuɗin wani ya shigo, wannan ya ƙare.

Kuma ba zama ya zo yi ba. Bayan 'yan shekaru zai sayar da kasonsa ya kama gabansa. Wa zai sayar wa? Kai za a fara yi wa tayi, ko wayar gari za ka yi da baƙon abokin tarayya? Ka ba lauyanka takardar yarjejeniyar ya karanta. In an rubuta ribar da tilas ka biya ko da an faɗi, ka kai wa malami ya duba halaccinta.

Sai 'yan damfara, masu turo saƙon WhatsApp wai a biya kuɗin fom jari zai sauka. Mai jarin gaske watanni yake yi yana bincike, har sito zai shiga ya ƙirga buhuna. Waɗanda damfarar MMM ta cinye a 2016 da ta CBEX a 2025 suna nan da rai, a tambaye su. Kafin ka miƙa ko kwafin katin shaidarka, nemi sunan kamfanin a jerin waɗanda hukumar SEC ta yi wa rajista.