Tunawa da mai akwatin magani da gurmi

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a kowane gari akwai mutanen da suka yi ma jama'a aiki ba tare da albashi ba. In sun rasu sai a yi sadakar ukku da ta arba'in, daga nan kuma shiru. A wannan wata ina so mu tuna da guda daga cikinsu, wato mahaifina, manomi a ƙasar Gangara ta gundumar Gazawa. Allah ya yi mashi rasuwa bara da kaka, bayan an gama yankan gero.

Yadda ya samu akwati

Tun cikin shekarun 1960 aka fara tsarin ma'aikatan lafiya na ƙauye a jihar Maraɗi. Gari shi ne ke zaɓen mutumensa, namiji mai akwatin magani, mace kuma ungozoma. A kai su gidan likita su yi horo na ƴan kwanaki, su komo gida. Cikin akwatin akwai nibakin don masassara, da asfirin, da jan magani na miki, da maganin ciwon ido. Bayan farin 1973 mutanen garinmu suka zaɓi Baba, don yana da sanyin hali kuma ba ya tafiya cin rani.

Cikin akwatin nan babu maganin taɓin hankali. Amma masu wannan lalura suna nan cikin gari. Wani an sa shi a turu bayan ɗaki. Wani an ɗaure shi da mari a gindin icce, yara suna jifa. Dangi suna jin kunya, suna ɓoyewa. Baba ya ce tunda gari ya ba shi amanar marasa lafiya, to waɗannan ma nashi ne.

Gurmi da magana

Baba ɗan gidan makaɗa ne. Kakanmu goge yake yi ma ƴan bori, shi kuwa gurmi ya riƙe. Saboda haka tun yana yaro ya saba zama kusa da mutanen da hankalinsu ya gushe, bai jin tsoronsu.

Ga yadda yake yi. In an kira shi, sai ya bari har la'asar sakaliya. Ya je da fura da gurminsa, ya zauna nesa kaɗan da marar lafiya, ya riƙa kaɗawa a hankali. Ba ya tsawa, ba ya riƙe bulala. Yana kiran mutum da sunansa na yanka, kuma ya hana kowa ya ce mashi mahaukaci. Kwana biyu, kwana ukku, sai marar lafiya ya karɓi fura, ya fara magana. To a nan ne Baba zai zauna da dangi, ya lallashe su a kwance marin, a ɗaura amalanke a tafi gidan likita. In abin ya fi ƙarfin likitan kusa, sai a wuce Maraɗi. Wanda ciwonsa ya yi tsanani har Yamai ake kai shi, ɓangaren babban asibiti da ake kira Pabiyon E.

Bai taɓa cewa kiɗa na warkar da hauka ba. Cewa yake gurmi na buɗe ƙofa, magani ya shiga. Bai yi faɗa da malamai ko ƴan bori ba. Yakan ce ma dangi su ci gaba da addu'a, amma kada a bar shan ƙwayar likita, kuma kada a doki mutum.

Wannan dabara tana da ƴar'uwa a Najeriya. A 1954 wani likita Bayarabe, Thomas Adeoye Lambo, ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta. Marar lafiya ya sauka a gidan mutanen ƙauye tare da ɗan'uwansa, da rana ya je asibiti, da dare ya kwana cikin mutane. Lambo ya yi aiki da masu maganin gargajiya, daga baya kuma ya zama mataimakin shugaban hukumar lafiya ta duniya. Baba bai san sunansa ba, amma hanyarsu guda ce: marar lafiya ya fi samun sauƙi cikin danginsa.

Gona mai itace

Abu na ukku da aka san Baba da shi shi ne son icce. Bayan yunwar 1984 ƙasarmu ta yi fayau, iska na binne shuka da rairayi. A lokacin ne sassaben zamani ya fara yaɗuwa, dabarar da Tony Rinaudo ɗan ƙasar Ostareliya ya fara koyarwa a Maraɗi a 1983. In kututture ya yi toho, a zaɓi rassa masu ƙarfi a bar su, a sare sauran. Mutanen Ɗan Saga a ƙasar Agye sun yi suna da wannan aiki. An ƙiyasta itace miliyan 200 suka tashi ta haka a Nijar.

Baba na cikin na farko da suka karɓa a garinmu. Ya bar gawo da kalgo da sabara da aduwa. Gawo ya fi so, don yana zubar da ganye da damina, gero ya yi kyau a gindinsa, da rani kuma ya ba bisashe ƴaƴa da inuwa. Wanda ya fara samun sauƙi, Baba yakan tafi da shi gona, ya miƙa mashi ƴar wuƙa su yi gyaran toho tare. Mutane suna mamaki, wai an ba mai taɓin hankali wuƙa. Shi kuwa ya san wanda ya kai a ba shi. Mutumin da aka yarda da shi yana jin ya koma mutum.

Abin da ya bar mana

Lalurar tana nan har yau, ga kuma ƙwayar taramol da ke lalata kan samari. Ga abin da Baba yake faɗi, ku karanta ma waɗanda ba su iya ba tukuna:

Wanda ya daina barci, yana magana shi kaɗai, a kai shi likita da wuri. Mace mai jego da ta ƙi jaririnta, tana kuka ba dalili, ciwo ne, a taimake ta. Mai farfaɗiya in ya faɗi, a janye shi daga wuta da bakin rijiya, a kwantar da shi ta gefe, kada a sa mashi komi a baki. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta miyau. Maganin irin waɗannan cututtuka kullum ake shan shi, ba a barin shi sai likita ya ce.

Ranar 10 ga watan Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya. A ranar nan kowane ajin yaƙi da jahilci ya zauna ya tambayi kansa: akwai wanda ke ɗaure a garinmu? In akwai, a je a gaida danginsa, a nemi amalanke.

Allah ya jiƙan Baba da dukan magabatanmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.